Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga mahukuntan sabon filin wasan ruwa: ku daina ce mana "sabon wuri ne"

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Ba zan kama sunan wurinku ba, kun san kanku, kuma dai abun da zan faɗa ba ku kaɗai ya shafa ba, duk mai shirin buɗe irin wannan waje zai iya ɗaukar nashi kason. Na kai yarana uku filin wasan ruwanku kwana huɗu da buɗewa, bayan sun shafe wata biyu suna damuna da tallanku da suke gani a waya. Mun shiga da hantsi muka fito da yamma liƙis, a tsawon wannan lokacin babban ɗana sau biyu kacal ya samu hawa kwararon zamiya, wannan da yara ke ce ma sulu, a na biyun ma da ƙujewa ya sauko a gadon baya, ƙaramar kuma idonta ya yi ja wur har washegari. Duk ma'aikacin da na tunkara amsarsu ɗaya kamar an ba su hadda: yallaɓai a yi haƙuri, sabon wuri ne.

Toh wannan amsar ce ta sa na zauna rubutu. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin injinan ruwa na kwamin ninƙaya, wato ɗakin nan na ƙasa mai ƙara da zafi wanda ba wanda ke zuwa ɗaukar hoto a cikinsa, don haka lokacin da sauran iyaye ke faɗa da masu tsaron layi ni kallon ruwan nake, ina sauraren kukan injin ta bayan katanga. Na yarda sabon abu yana da laulayi, duk mai sana'ar inji ya san cewa lokaci biyu inji ya fi lalacewa, farkon shigarsa aiki da kuma tsufansa, noti da ba a ɗaure da kyau ba, waya da aka haɗa a juye, roba da ta zo da lahani daga masana'anta, duk a satin farko suke bayyana. Amma wa ya kamata ya sha wannan laulayin? Ku ne, kafin ku buɗe ƙofa. Ku sai kuka saida mana tikiti cikakken kuɗi muka zo muka yi muku gwajin da jikin 'ya'yanmu.

Ni a ganina asalin matsalarku ba a injin take ba, a kalanda take. Kun sa ranar buɗewa tun gini bai kai ko'ina ba, kun buga ta a allunan talla, kun saida tikiti a intanet, kun gayyaci manyan baƙi da 'yan jarida, ga banki yana jiran a fara biyan bashi, ga lokacin zafi da hutun makaranta wanda in ya wuce shikenan sai wata shekarar. Ɗan kwangila kuma ya yi lattin da kowane ɗan kwangila ke yi. Ranar buɗewa ba ta motsi, gini ya ci lokacinsa ya ci na wasu, sai me aka matse? Makonnin ƙarshe, waɗanda aka ware don gwaji da horar da ma'aikata. Su ne ba su da mai kare su a teburin taro, saboda ba a ganinsu a hoto. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma wallahi ranar da muka je na ga mai walda yana aiki a bayan wani labulen leda, taku goma tsakaninsa da yara masu jiƙaƙƙen jiki.

Wannan cutar ta daɗe. Ranar 17 ga Yuli 1955 da aka buɗe Disneyland a Kalifoniya, duk da ba filin ruwa ba ne, kwaltar da aka zuba ba ta gama bushewa ba takalman mata suna nutsewa a ciki, famfunan shan ruwa ba sa aiki saboda masu aikin famfo sun yi yajin aiki, ga tikitin jabu ya cika wurin. Shekara saba'in kenan kowa a harkar ya san labarin amma har yau ana maimaita shi.

Bari in fara da ruwan tunda nan ne gonata. Ruwan kwamin yara ranar ya yi fari fari kamar an ɗiga madara, na tsaya a baki ban iya ganin murfin magudanar da ke ƙasa da kyau ba. Ruwa ba ya tsami banza. Sabon kwami da aka yi wa filasta, simintin yana ci gaba da sakin abubuwan da ke cikinsa har kusan wata guda, yana ta tura ma'aunin pH, wato awon tsamin ruwa, sama, kullum sai an auna an sauke shi, ana goge bangon da burushi ana kwashe ƙurar. Ana son ma'aunin ya zauna tsakanin 7.2 da 7.8. A 7.5 kusan rabin kulorin ɗin da ke cikin ruwa ne ke da ƙarfin kashe ƙwayar cuta sosai, in ya kai 8 sai ya koma wajen kashi ɗaya cikin huɗu, ka ga takarda za ta nuna akwai kulorin amma aikinsa ya yi sanyi. Ga kuma bututu, kilomita nawa aka binne a ƙarƙashin wurin nan, cikinsu akwai yashi da ɓarɓashin roba da gam da tsumma, ni na taɓa ciro safar hannun leburan gini daga kwandon injin. In ba a wanke bututun nan tas ba kafin a haɗa su da matatar ruwa, duk dattin yana tafiya ya toshe ta tun ba ta fara aikin da aka sayo ta don shi ba.

Sannan babban abun da gwajin da ba mutane ba zai taɓa nuna muku ba, shi ne mutanen kansu. Ruwa yana nan garau sati biyu babu kowa a ciki, injiniya ya sa hannu ya tafi. Rana ɗaya sai ga dubban mutane sun faɗa ciki da gumi da man shafawa da man kariyar rana da, mu faɗi gaskiya, fitsari. Kulorin yana ƙarewa wajen faɗa da wannan kayan, rana kuma tana ƙona nata kason daga sama, kwamin igiyar ruwa da masu feshi suna watsa ruwa a iska suna ƙara rikita ma'aunin. Na'urar da ke zuba magani da kanta an saita ta ne a kan ruwan da ba kowa, ba ta san da zuwan wannan rundunar ba. Warin nan da kuka ji mutane na cewa "kai, sun cika kulorin", ba kulorin ba ne ya yi yawa, kulorin ne da ya haɗu da gumi da fitsari ya rikiɗe ya zama wani abun daban da ake kira kuloramin, shi ke sa ido ja, shi ke sa tari. Ruwa mai tsabta kusan ba ya wari. Don haka idon 'yata ya gaya min abun da littafin awonku ya kamata ya gaya muku tun da rana tsaka.

Kuma ruwa mai duhu ba maganar kyan gani ba ce. A 2011 a garin Fall River na jihar Masachuset a Amurka, wata mata ta nutse a wani kwamin ninƙaya na gwamnati, gawarta ta yi kwana biyu a ƙasan ruwan mutane suna ta iyo a sama ba wanda ya gani saboda duhun ruwan. Ƙa'idar da muka koya mai sauƙi ce, in mai ceto ba ya ganin ƙasan kwami, a fitar da kowa a rufe. Wa ke da ikon yanke wannan hukuncin a wurinku? Yarinyar da ke kan kujerar ceto ko manajan da ke ƙirga tikiti?

Akwai kuma abun da nake so in san ko kun shirya masa, ranar da yaro zai yi gudawa a cikin ruwa, kuma zai yi, ba wani filin ruwa a duniya da hakan ba ta faruwa. Akwai ƙwayar cutar da ake kira kiriftosforidiyam, tana iya yin fiye da sati a raye cikin ruwan da kulorin ɗinsa ke daidai. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a irin wannan sai an rufe kwamin an ɗaga kulorin zuwa kashi 20 cikin miliyan na kusan awa 13, alhali a kullum kashi 1 zuwa 3 ake ajiye shi. Awa 13 na nufin kwamin ya tafi kenan na ranar. Sabon manajan da mai gida ke kira duk bayan awa ɗaya yana tambayar nawa aka samu, zai iya rufewa? Na sha ganin an kwashe abun da raga an ce wa mutane su koma.

Yanzu layi, wanda shi ne ya fi fusata jama'a. Lissafin ba wuya, a ce kwararo ɗaya yana sakin mutum ɗaya duk daƙiƙa 30, mutum 120 kenan a awa. In kuna da guda goma, 1,200. Wannan shi ne lissafin da kamfanin da ya saida muku kayan ya rubuta, da ma'aikaci ƙwararre da baƙi waɗanda suka san yadda ake kwanciya a harɗe ƙafa. Amma sabon ma'aikaci yana tsoro, sai ya duba sau biyu, ya yi wa kowa bayani daga farko, wani ya zo bakin ramin ya fasa, wata ta zo da sarƙa a wuya sai an cire, yaro bai kai tsawo ba uwarsa ta tsaya gardama, sai daƙiƙa 30 ta zama 45. Mutum 80 kenan a awa, kashi ɗaya cikin uku ya tafi ba tare da komai ya lalace ba. Sai kuma biyu daga cikin goman suna rufe kamar yadda muka tarar, takwas sau 80, ya zama 640. Kusan rabin abun da ke takarda. Ku kuma kun saida tikiti a kan lissafin takarda. Ban ga laifin yaron da ke saman benen ba ko kaɗan, gara ya yi nawa da ya sako min yaro a kan bayan wani.

Abun hannun nan mai kama da agogo da kuka ɗaura mana, wanda aka ce da shi ba sauran tsayuwa a layi, sai dai ka taɓa ya ba ka lokaci ka je ka huta. Tunanin yana da kyau amma ba ku ne farkon shan wuyarsa ba, filin Volcano Bay na kamfanin Universal a Orlando da aka buɗe ranar 25 ga Mayu 2017 da irin wannan tsarin ya fara, sunansa TapuTapu, kuma makonnin farko mutane sun yi ta kuka da jiran awanni. Abun da masu tsara irin wannan ke mantawa shi ne layi ma ɗaki ne. Mutum ɗari biyu da ke tsaye a kan matakala an san inda suke, ba sa cikin ruwa, ba sa neman kujera, ba sa banɗaki. Ka cire layin, mutanen ba ɓacewa suka yi ba, kwami suka koma, shi ya sa kogin nan da ke zagaye wurin ya cika har ba a ganin ruwa sai kawuna da tayoyi, shi ya sa ba kujera ko ɗaya a inuwa, kuma shi ya sa ruwan ya sha nauyin da ba a lissafa masa ba. Kun ga yadda matsalar kwamfuta ta zama jan ido. Ga shi agogon ba ya ƙara wa kwararo ko mutum ɗaya a awa, jiran nan dai yana nan, wurin zamansa kawai ya canza. Namu ma sau biyu yana mutuwa, muka je gyara muka tarar da layin gyaran agogon hana layi, har dariya ta kama ni.

Ƙujewar bayan ɗana kuma na san daga ina take. Kwararon nan gunduwa gunduwa ake kawo shi na faiba, a ɗaure da noti a cike tsakani da gam na musamman, in gaɓa ɗaya ta ɗan fi 'yar'uwarta tudu ko da kaurin farce ne, mai saukowa da gudu zai ji ta kamar reza. Rana tana buɗa faiba dare yana tsuke shi, ƙarafan da ke riƙe da shi suna ɗan zama a makonnin farko, saboda haka gaɓar da take lafiya ranar da aka duba za ta iya motsawa. Maganinta mutum ya bi kwararon da ƙafa da tafin hannu kowace safiya kafin a saki ruwa, yana shafawa. An yi hakan ranar? Ku duba littafi, in akwai littafin.

Ƙujewa ƙaramin abu ne, abun da ke ban tsoro shi ne yawan ruwan da ake sakarwa, domin shi ke yanke gudun mutum. Ya yi kaɗan mutum ya maƙale a tsakiya na baya ya zo ya buge shi, ya yi yawa ko kuma ruwan da ke tare mutum a ƙarshe bai kai zurfin da ya dace ba, sai mutum ya wuce inda ya kamata ya tsaya. Bawul ɗaya wani ya murɗa da dare ya manta bai mayar ba ya isa. Ranar 27 ga Mayu 2017 aka buɗe wani sabon filin ruwa mai suna The Wave a garin Dublin na Kalifoniya, a ranar farkon nan kwararo ya yi wurgi da wani yaro ɗan shekara 10 daga ƙarshensa ya faɗo kan kankare a gaban kyamara, Allah ya sa da sauran kwana, ƙujewa kawai ya samu. Wanda bai zo da sauƙi ba shi ne kwararon Verrückt a Kansas City ta Amurka, mai tsawon kusan mita 51, wanda aka yi ta tallansa a matsayin mafi tsawo a duniya. Tun a gwaji kwalekwalen robar da aka loda wa buhunan yashi suna tashi sama, aka ɗage buɗewa har sau da dama, aka yi gyara aka rufa raga da ƙarafa a sama, aka buɗe a Yulin 2014. A Agustan 2016 wani yaro ɗan shekara 10 ya rasu a kai, kwalekwalen ya tashi ya bugi ƙarfen ragar. Daga baya rushe shi aka yi. Buhun yashi ya faɗi gaskiya tun farko, ba a dai saurare shi yadda ya kamata ba. Gani ga wane ai ya isa.

Buhun yashi ma yana da iyaka, ba ya firgita, ba ya ɗaga kai, ba ya miƙe zaune a tsakiyar hanya, ba ya riƙo hannun ƙaninsa. Sai an gwada da mutane, siriri da mai jiki, dogo da gajere, sau ɗaruruwa, ana rubutawa.

Masu ceto kuma, dan Allah ku ji wannan da kyau. Yawancin waɗanda na gani yara ne da ba su daɗe da gama makaranta ba, kuma ba laifi ba ne, haka abun yake a ko'ina. Matsalar sabon wuri ita ce kowa sabo ne. A tsohon wuri in an ɗauki sabbi goma akwai tsofaffi talatin da za su nuna musu cewa kusurwar can rana tana haske ido da yamma, lungun can bayan dutsen ado ba a ganinsa daga kujera, yara sun fi zamewa a matakalar hagu. Ku ba ku da wannan ilmin tukuna, ba wanda ya taɓa zama a kujerun nan, an dasa su ne bisa zanen takarda. Akwai ƙa'idar da da yawa a harkar ke bi, mai ceto ya iya hango wanda ke cikin matsala a daƙiƙa 10, ya isa gare shi a daƙiƙa 20. Ana gwada wannan ne ta jefa ɗan mutum mutumi a ƙasan ruwa a wurare daban daban, safe da rana da yamma, da igiyar ruwa a kunne, a ga ko ana hangowa. Kun yi? Domin nutsewa ba ihu take zuwa da shi ba kamar a fim, yaro shiru yake tafiya, bakinsa yana shiga ruwa yana fita, ba shi da numfashin kiran kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, ƙananan yara suna cikin waɗanda abun ya fi shafa. Na lura da wata yarinya a kujerar kwamin igiya, fiye da awa ɗaya ba a canje ta ba, rana na dukanta, ga iyaye suna zuwa tambayarta ina banɗaki. Idon ɗan adam ba ya jure kallon ruwa mai ƙyalli haka, shi ya sa ake juya su akai akai. Da na tambaya sai aka ce wasu ba su zo aiki ba. Toh in ma'aikata ba su cika ba kwami ake ragewa, ba hutu ba.

Lantarki ba zan ja shi ba, na dai ga wani soket a buɗe kusa da wurin wanke ƙafa na nuna wa wani mai riga mai kwala, ya ce za a duba. Ruwa da jiƙaƙƙen mutum da wayar ƙasa da ba a haɗa daidai ba, kun san sauran. Shi kansa Volcano Bay ɗin a watan Yunin 2019 sai da aka rufe shi da wuri wata rana saboda mutane suna jin wuta na jansu, har aka kai wasu ma'aikata asibiti.

Tayil ɗin hanyar banɗaki yana da santsi, a shagon mai saidawa a bushe kuka gan shi. Kankaren tsakiyar fili kuma yana ƙona tafin ƙafa da rana. Akwatunan ajiya ba su kai rabin mutanen ba.

Akwai matsalolin da ba na gaggawa ba ne, na zane ne tun daga tushe, waɗannan su ne masu tsada. A Jamus kusa da Balin an buɗe filin ruwa na Tropical Islands a Disambar 2004 cikin wani makeken rumbu da aka gina don jirgin balambalan, sai aka tarar itatuwan da aka dasa suna wahala saboda haske ba ya shiga, dole aka canza wani ɓangare na rufin da leda mai barin rana ta ratsa. Wannan kuɗi kawai ya ci. A Mosko kuwa filin ruwa na Transvaal da aka buɗe a 2002, rufinsa ya rufto ranar 14 ga Fabrairu 2004, mutum 28 suka mutu, masu bincike suka ɗora laifin a kan zanen ginin. Na kawo wannan ne saboda ɓangarenku mai rufi, na shiga na ji iskar ta yi nauyi, gilasai suna zufa, ido na yaji. Wannan tururin mai ɗauke da kuloramin yana cin ƙarfe a hankali, har wasu nau'ukan ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa. Ku sa wani injiniya wanda ba ɗan kwangilarku ba ne, ba kuma abokin mai gida ba, ya duba iskar da abun da ke riƙe da rufin.

Abun da ya fi ci min rai dai ba lalacewar ba ce, ɓoyewar ce. Tun a ƙofa kun san kwararo biyu ba sa aiki, mai saida tikiti ta sani, ba wanda ya faɗa mana sai da muka shiga muka ga igiya a ɗaure. Shafinku na Facebook a ranar hotunan yara masu dariya kawai yake sakawa, waɗanda suka yi ƙorafi a ƙasa kuma da na koma da dare na tarar an goge. Haba ranku ya daɗe, ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi, kowa a wurin da waya a hannunsa. Da an rubuta a allo a bakin ƙofa cewa yau abu kaza da kaza a rufe suke, jira zai kai awa kaza, wanda ya ga zai iya ya shiga da ragi wanda bai iya ba a canza masa rana, wallahi da rabin faɗan da aka yi ba a yi ba. Ku kuka ɓuya a ofis mai sanyi kuka bar yara 'yan shekara sha tara suna shan zagin da ba su suka jawo ba, ɗaya har kuka na ga tana yi a bayan rumfar tayoyi.

Abun da nake roƙo ba mai yawa ba ne kuma bai makara ba. Ku rage yawan tikitin da kuke saidawa a rana zuwa abun da wurin ke iya ɗauka a zahiri yau, ba abun da takarda ta ce ba, in ya so duk sati ku ƙara kaɗan kuna kallon ruwan da layin. Wannan shi ne buɗewar gwaji da ya kamata ku yi tun farko da ma'aikatanku da iyalansu, ba ku yi ba, toh ku yi ta yanzu. Ku ware ko da kwana biyu a sati ku rufe gaba ɗaya ɗan kwangila ya gama aikinsa ba yara a kusa. A riƙa auna ruwa da hannu duk bayan awa biyu, kar a dogara da na'ura kaɗai, a rubuta sakamakon a allo inda kowa zai gani, mai aunawar ya sa sunansa. Kuma a rubuce, da sa hannun mai gida, a ba shugaban masu ceto da mai kula da ɗakin inji ikon rufe kowane kwami ba tare da neman izinin kowa ba, kuma kar a cire musu ko sisi a albashi don sun yi hakan. Duk wanda ya ji ciwo komai ƙanƙantarsa a rubuta wane kwararo ne, wace gaɓa, ƙarfe nawa, domin ƙujewa uku a wuri ɗaya saƙo ne. Mu da muka je wurin ba da taimakon farko auduga kawai aka ba mu, ba wanda ya tambayi a ina abun ya faru.

Don haka bari in faɗa muku a nan tunda ba a tambaya ba. Kwararo mai ruwan ɗorawa ne, na biyu daga hagu in kana fuskantar benen, a kwanar ƙarshe kafin a fito, ɓangaren dama. Ku tura mutum gobe da safe kafin a kunna injin ya shafa da hannunsa. Yaran suna ta tambayata yaushe za mu koma, na ce musu sai na je ni kaɗai na tsaya a bakin kwamin yara na ga murfin magudanar nan da idona.

Naku,
wani uba, mai aikin injinan ruwa